Allurar Maye da Ɓarnar da Take Yi wa Jiki

Jama'ar Wurno, Rabah da Goronyo, an sha yi muku gargaɗi kan tiramol da kodin. Yau zancenmu a kan mai tsira wa kansa allura ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya kiyasta masu allurar maye a Nijeriya sun kai 80,000. A Turai hiroyin aka fi sani da wannan. Mu nan an fi yi da magungunan kashe zafi na asibiti, irin fentazosin. Da yawa ma ba 'yan iska ba ne. Masu sikila ne da aka yi wa allurar don ciwon ƙashi, har jikinsu ya saba.

Wurin da ake yawan sokewa yakan yi ƙurji, ƙurji ya zama gyambon da ba ya jin magani, naman ya taurare har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A asibiti sai likita ya tsaga ya fitar da mugunya, ya yanke mataccen nama, wani lokaci ya ɗebo fata daga cinya ya rufe gyambon. Wanda ya yi jinkiri har ƙafa ta ruɓe, yanke ta za a yi.

To, ku saurara da kyau. Idan jijiyoyin hannu sun toshe, wasu kan koma matsematsi, inda babbar jijiyar jini take. Allura na iya huda ta, jini ya taru ya yi kumburi kamar maruru. Ku ɗora hannu: in yana bugawa irin bugun zuciya, kada wanzami ya kusance shi da aska, kome ƙwarewarsa, don jinin ba zai tsaya ba. A nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda za a ɗaure jijiyar ko a gyara ta. A gaya wa likita gaskiya. Ba ɗan sanda ba ne, kuma sai ya san musabbabi zai gwada ciwon hanta da ƙanjamau. Raba mutum da allurar kuwa aikin asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya ne da ke Kware, bayan tiyata.

In kumburin ya fashe a hanya, a danne wurin da tsumma mai tsabta da iyakar ƙarfi, kada a ɗaga don dubawa har a isa.