Baƙo a ƙasar Gana

Yara, a cikinku akwai waɗanda babansu, ko kawunsu, ko yayansu ya taɓa zuwa cin rani a ƙasar Gana. Wata rana ku ma kuna iya zuwa, don fatauci, ko karatu, ko ziyarar dangi. Kafin mutum ya kama hanya, ya kamata ya san mutanen da zai tarar da irin al'adunsu.

Ƙasar da mutanenta

Gana tana kudu maso yamma da Nijar. Mai tafiya a mota yakan ratsa ta Burkina Faso, ko kuma ta Benin da Togo. Babban birninta shi ne Akara, a bakin teku. A kudancin ƙasar akwai kurmi, damina sau biyu take zuwa a shekara. Can ne ake noman goro da kakawo, wanda ake yin shokola da shi. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957. A ƙidayar shekarar 2021 mutanenta sun haura miliyan 30.

Ƙabilun Gana suna da yawa. Akwai Ashanti a Kumasi, da Fanti a gaɓar teku, da Ga a Akara, da Ewe a gabas. A arewa akwai Dagomba da Mamfurusi da Gwanja. Kowace ƙabila da harshenta, amma Ingilishi ake yi a makaranta da ofis.

Hausawa ba sababbin baƙi ba ne a can. Tun zamanin kakanni fatake suke zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, sayen goro. Unguwar da suke sauka ita ake kira zango. Har yanzu akwai zango a manyan garuruwa, kuma ana jin Hausa a cikinsa. Mutanen Gana suna shan koko da ƙosai, suna cin tuwon zafi, da sunayensu na Hausa.

Gaisuwa da hannun dama

Idan ka shiga gidan Ashanti, za a ce maka «Akwaaba», wato sannu da zuwa. Za a ba ka kujera da ruwan sha. Ka karɓa, ko kurɓi ɗaya ne ka yi. Bayan haka sai mai gida ya tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da ya riga ya sani. Kada ka ji haushi, al'ada ce. In an yi maka alheri ka ce «Medaase», wato na gode.

Idan ka tarar da mutane zaune a jere, ka fara ba da hannu daga wanda yake damarka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu. Kada ka tsallake kowa.

Kamar a gidajenmu, ba a miƙa abu, ko karɓa, ko nuna mutum da hannun hagu. In hannunka na dama ba shi da tsabta, ka nemi gafara tukuna. Da dama ake cin sakwarar rogo da doguwar ayaba, wadda suke kira fufu. In abincin bai yi maka ba, kada ka yamutsa fuska.

Sunan rana

Mu muna da Ɗanjuma da Jummai, da Ɗan'asabe da Asabe. Su ma Ashanti da Fanti suna da sunan rana. A wurin Ashanti, namijin da aka haifa ran Juma'a Kofi ne, mace kuma Afuwa. Na Asabar Kwame ne, mace Ama. Na Alhamis Yaw ne, mace Yaa. Shugaban Gana na farko sunansa Kwame Nkrumah. Saboda haka in an tambaye ka ranar da aka haife ka, suna ake so a ba ka, alamar an karɓe ka.

Addini da bukukuwa

Yawancin mutanen Gana Kirista ne. Musulmi sun kai wajen kashi ɗaya cikin biyar. Akwai kuma masu addinin gargajiya. Kowa yana girmama ibadar maƙwabcinsa. A shekarar 2019 babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci wata majami'ar Katolika a Akara lokacin bikin Ista, don ya nuna zumunci.

A kudu, jana'iza babban taro ce. An fi yin ta ran Asabar. Masu makoki suna sa baƙaƙen tufafi da jajaye, ana kiɗa, ana rawa. Wannan ya bambanta da namu, amma ba abin dariya ba ne. In maƙwabcinka ya yi rashi, ka je ka yi masa ta'aziyya.

Ƙabilar Ga tana da bikin Homowo, na tunawa da wata yunwa da kakanninsu suka tsira daga gare ta. Kafin bikin, akan hana kiɗa da hayaniya a Akara har wajen wata guda. Dokar ta shafi ɗan gari da baƙo.

Baƙon da bai yi tambaya ba

Ashanti suna da wata kujera ta zinariya. A wurinsu ran al'ummarsu yana cikinta. Ba mai zama a kanta, ko sarkinsu. A shekarar 1900 gwamnan Ingila mai suna Hodgson ya zo Kumasi. Ya tara sarakuna, ya ce a kawo masa kujerar ya zauna. Maganar ta ƙona ran mutane ƙwarai. Wata uwar sarki mai suna Yaa Asantewaa ta jagorance su, aka yi ta yaƙi wata da watanni. Mutane da yawa sun mutu, gwamnan kuwa bai ko ga kujerar ba.

Har gobe fada wurin ladabi ce. Mai zuwa gaban sarki yakan tuɓe takalmi. Ba ya yi wa sarki magana kai tsaye, sai ta bakin kakakinsa.

Takardu

Baƙon kirki yana bin dokar gwamnati. Kada ka tafi ba tare da takardun shaida da katin rigakafin ciwon shawara ba. A shekarar 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen Nijar da yawa sun komo gida, wasu sun baro shaguna da dukiyarsu.

Mu riƙe

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In ka je ƙasar mutane, ka duba yadda suke yi. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, don matambayi ba ya ɓata. Ka riƙe addininka da tarbiyyarka, ka girmama nasu. Halin da ka nuna, da shi za a auna ɗan Nijar da zai zo bayanka.

Tambayoyi

1. Faɗi ƙabilu huɗu na ƙasar Gana da inda suke zaune.
2. Me ya kai Hausawa Salaga?
3. Daga wane gefe ake fara gaisuwa?
4. Wace rana aka haifi Yaa Asantewaa? Yaya ka sani?
5. Wane kuskure gwamna Hodgson ya yi?

Aikin gida

Wani yaro daga Kumasi zai sauka a gidanku. Rubuta al'adu uku na garinku da ya kamata ya sani.