HUKUNCIN ƊAN KASUWAR DA YA RUFE KANTI DOMIN YA HUTA

 

Darasin wannan mako ya shafi ƙananan 'yan kasuwa ne, watau irin su mai tireda, da tela, da mai shayi, da matar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida. Babban attajiri yana da yara da akawu, in ya kwanta ciniki ba ya tsayawa. Amma ƙaramin ɗan kasuwa shi ne mai saro kaya, shi ne mai sayarwa, shi ne mai bin bashi. Ya kan buɗe kanti da an sallame Asuba, ba ya rufewa sai bayan Lisha, babu ranar hutu, shekara da shekaru. A kwana a tashi sai wata irin gajiya ta kama shi wadda barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita. Lissafi ya riƙa rikice masa, ya riƙa yi wa masu ciniki tsawa, ya tsaya salla bai san raka'a nawa ya yi ba, sana'ar da ya ke so a dā ta zame masa abin ƙi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali da cewa yana aukuwa ne saboda matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba, ta kuma ambaci alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, da fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ingancin abin da ya ke yi.

To, shin ya halatta ga wanda ya kai wannan matsayi ya rufe kantinsa na mako biyu ko wata guda domin ya farfaɗo? Abin da ya sa tambayar ta yi nauyi shi ne, a kasuwa duk wanda aka ga ƙofarsa a rufe sai a ce ko ya karye ne, ko kuwa lalaci ya same shi.

Amsa ita ce ya halatta, kuma idan ci gaba da aikin zai cutar da lafiyarsa cuta bayyananna, to hutun ya zama abin nema daga gare shi. Hujja ita ce, shari'a ta hana mutum ya azabtar da jikinsa ko da a cikin nafilolin ibada ne. Buhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i, wanda Annabi (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu, sai ya tarar da matarsa cikin tufafi marasa kyau. Da ya tambaye ta dalili, ta gaya masa cewa mijinta ba shi da sauran bukata ga duniya. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da Abud Darda'i ya karya azuminsa na nafila suka ci tare. Da dare ya hana shi tashi sai can ƙarshen dare, sa'an nan ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da hakki a kansa, haka ransa, haka iyalinsa. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. Haka nan ya gargaɗi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, mai azumin kullum da tsayuwar dare duka, cewa idanunsa za su zurma, ransa kuma ya gaji. Abdullahi ya dage, amma da tsufa ya zo masa ya yi fatan da ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa. Idan haka lamarin ya ke ga mai azumi da salla, ina ga mai sayar da sabulu da sukari?

Salmanun nan dai, kamar yadda ya zo a cikin Sahihu Muslim, ya hori mutum da kada ya zama farkon mai shiga kasuwa ko ƙarshen mai fita daga cikinta, in yana da iko. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafta wannan cikin alamun tsananin kwaɗayi a babin ladubban neman abinci na littafinsa Ihya'u.

Abin da ke hana yawancin 'yan kasuwa hutawa tsoro ne, kada masu ciniki su koma wurin maƙwabci. Wannan tsoro yana da tushe, gama lalle wasu za su koma. Sai dai hadisin tsuntsaye da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar ya nuna cewa mai dogaro ga Allah da gaskiya ana arzuta shi kamar tsuntsu, mai fita da safe da yunwa, ya komo da maraice a ƙoshe. Malamai kan kafa hujja da fitar tsuntsun a kan wajabcin nema, kuma sun yi daidai. Amma ba a cika lura da komowarsa ba. Tsuntsun ba ya kwana a gona.

Sai dai fa hutun yana da sharuɗɗa, domin ba a hutawa a kan hakkin wani. Ciyar da mata da 'ya'ya ƙanana wajibi ne wanda rufe kanti ba ya saryar da shi, saboda haka sai a ware abin cefane na kwanakin tun kafin a sa kwaɗo. Tanadi ba ya warware tawakkali, gama ya tabbata cewa Annabi (S.A.W.) ya kan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Sai bashi. Wanda ya karɓi kaya a hannun dila ya je ya sanar da shi, su yanke sabon lokaci, su rubuta kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni. Mai bin bashi kuwa an umurce shi a aya ta 280 da ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Tela ya gama ɗinkin da ya karɓi kuɗinsa ko ya mayar da yadi ga masu shi, mai zubin adashi kuma ya san yadda zai yi da zubinsa.

Wanda ba zai iya rufewa ɗungum ba ya wakilta amintacce. Wakilci a ciniki halal ne, domin Annabi (S.A.W.) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya, ya komo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka. A nan akwai kuskuren da a kan yi. Mutum ya kan miƙa wa ƙanensa kanti cike da kaya ya ce a raba riba, yana zaton ƙiradi ya yi. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya ke a Risala, ƙiradi da tsabar kuɗi a ke yinsa, ba da kaya ba. Hanyar da ta fi tsira ita ce a ƙirga kayan gaban shaidu, a yanka wa mai tsaron lada sananne zuwa lokaci sananne. Shi amintacce ne, ba a ɗora masa hasara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umurce shi.

Game da zakka kuwa, rufe kanti na wata ɗaya ko biyu ba ya tsayar da lissafin shekara. Ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, idan watan zakkarsa ya kama yana hutu, sai ya kimanta kayansa, ya haɗa da kuɗin da ke hannunsa da basukan da ya ke sa ran za a biya shi, ya cire bashin da ke kansa bisa ƙa'idar da malamai suka shimfiɗa, in sauran ya kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Kwanakin hutun kuma a yi su a gida cikin iyali, da barci a kan lokaci da salla cikin jam'i. Idan an yi haka amma rashin barci da ƙuncin zuciya ba su gushe ba, sai a je ga likita, kada a koma kanti da su.