Mura Mai Zazzaɓi: Me Ya Sa Amoxicillin Ba Ya Taɓa Ta?

Da zarar hunturu ya kama, sai ka ga jama'a sun yi layi a kemis suna neman amoxicillin saboda zazzaɓi da tari da ciwon jiki. In mura ce ta infuluwenza, asarar kuɗi ce kawai. Amoxicillin bangon jikin bakteriya yake rusawa, shi kuwa bairos ba shi da irin wannan bango.

Abin da bairos ɗin infuluwenza ke ɗauke da shi guntayen RNA ne guda 8, da injin kwafi mai sassa uku: PB1, PB2 da PA. Yakan shiga ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro, ya kutsa har cibiyarsu, inda galibin bairos masu RNA ba sa zuwa. A can yake yin abin da ya fi ba ni mamaki. Kowane saƙon da ƙwayar halittarka ta rubuta yana da alama a kansa, kamar hatimi a wasiƙa. Sai PB2 ya cafke kan saƙon, PA ya datse shi, PB1 ya ɗora rubutun bairos a bayansa. Jikinka ya ga hatiminsa, ya shiga ƙera wa baƙo kayan aiki.

Wannan datsewar ce maganin baloxavir yake tarewa. An amince da shi a Jafan da Amurka a 2018. Oseltamivir kuma sababbin bairos yake hana ɓallewa daga ƙwayar da suka cinye. Dukansu sun fi amfani cikin awa 48 na farko, kafin kwafin ya yi nisa. Don haka mai ciki, tsoho, ƙaramin yaro, mai asma, ciwon suga ko sikila, kada su zauna jiran sauƙi; su je asibiti, a kuma gwada maleriya. Sauran mutane, hutu da ruwa da farasitamol sun isa, sai fa in numfashi ya fara wuya. Yaro kuwa kada a ba shi asfirin.

Injin kwafin bairos ɗin ba ya gyara kuskurensa, shi ya sa kamannin bairos ke sauyawa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma take sake duba haɗin rigakafin duk Fabrairu da Satumba. Allurar bara ba abin dogaro ba ce bana.

Masu kiwon kaji, ku saurara. In iri biyu na bairos ɗin, kamar na kaji da na mutane, suka haɗu a ƙwayar halitta ɗaya, suna iya musayar guntaye, sabon iri ya fito. A 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna. In kaji suka fara mutuwa barkatai, kada a yanka, kada a fige, a kira likitan dabbobi.