Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Tururi Ke Kawo Wutar Lantarki?

Wani mai sauraronmu daga garin Mashi a Jihar Katsina ya aiko da tambaya: yaya tururi ke zama wutar lantarki, kuma me ya sa ake cewa rabin zafin ko fiye ɓacewa yake yi?

Malam, mun gode. Ka san yadda tururi ke ɗaga murfin tukunya idan ruwa ya tafasa? Wannan ƙarfin ake kamawa, a matakai huɗu. Famfo ya tura ruwa cikin babbar tukunya. Wutar gas ko kwal ta mayar da shi tururi mai tsananin zafi da matsi. Tururin ya bugi fukafukan injin, injin ya juya janareta. Sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, famfo ya sake ɗauka. Wannan zagaye shi ake kira zagayen Rankine, sunan injiniyan Scotland William Rankine.

Haka tashar Egbin ta Legas mai injuna 6 ke aiki da gas, ita kuma ta Anu Araren kusa da Agadez a Nijar da kwal.

Batun asara kuwa, dokar kimiyyar zafi ce: sai zafi ya gangara daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi kafin a samu aiki. Wajen sanyaya tururi ne mafi yawan zafin ke tafiya, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ke zama lantarki. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙara zafin tururi, kuma ake neman wadataccen ruwan sanyaya kafin a kafa tasha.