Dalilan da ke Jefa Ɗalibai Matasa cikin Shaye-shaye da Matakan da Suka Dace a Ɗauka

Shaye-shaye, a ma'anar da likitocin ƙwaƙwalwa suke bai wa kalmar, shi ne sha ko shaƙa ko busa wani abu da ke sauya tunani da yanayin zuciya ba bisa umarnin likita ba, har ya kai ga taɓa lafiyar mutum ko karatunsa ko zamansa da jama'a. Wannan ma'ana ta haɗa giya da burkutu da tabar wiwi, ta haɗa magungunan asibiti da aka karkatar daga manufarsu irin su tiramadol da maganin tari mai kodin da ƙwayoyin sa barci da matasa ke kira roci, sannan ta haɗa sholisho da fetur da ake shaƙa da 'ya'yan zaƙami da ake jiƙawa a shayi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, cikin shekara guda, kuma a cikinsu ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun fara ne tun suna sanye da kayan makaranta.

Dalili na farko yana cikin halittar matashin kansa. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta nuna gaba ɗaya a lokaci guda: sashen da ke kula da jin daɗi da kwaɗayin sabon abu, wanda ke aiki da wani sinadari mai suna dofamin, yana ƙarfafa tun farkon balaga, alhali sashen da ke bayan goshi, mai auna sakamako da danne sha'awa, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Saboda haka yaro ɗan shekara 15 yana iya sanin illar ƙwaya sarai, har ya rubuta ta daidai a takardar jarrabawa, amma idan abokai suka miƙo masa a bayan aji sai sanin ya kasa riƙe hannunsa. Wannan rashin nuna ne kuma ya sa wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wahalar rabuwa da shi, idan aka kwatanta da wanda ya fara bayan ya mallaki hankalinsa.

Sai dai halitta ita kaɗai ba ta isa bayani ba, domin duk matasa suna da irin wannan ƙwaƙwalwa amma ba dukkansu ke sha ba. Abin da iyaye da malamai suka fi kasa lura da shi shi ne cewa duk ƙwayar da matashi ya lizimta akwai aikin da take yi masa, kuma muddin ba a gano wannan aiki ba, raba shi da ita tamkar sare reshe ne a bar saiwa. Ɗalibin da ke tura baro ko aikin gini ko kabu-kabu bayan an tashi daga makaranta yana shan tiramadol ne don ya daina jin gajiya da ciwon jiki. Wanda jarrabawar WAEC ko JAMB ta tunkaro shi, gida kuma ya ɗora masa burin da ya fi ƙarfinsa, yakan fara da goro da kofi da lemon ƙara kuzari don raba dare yana karatu, daga baya wani ya nuna masa ƙwayar da ta fi su, sannan ya buƙaci wata ƙwayar da za ta sa shi barci. Mai jin kunya da fargabar magana a gaban jama'a ko a wajen zance yana neman abin da zai cire masa nauyin baki. Sabon ɗalibi a makarantar kwana, wanda siniyoyi suka takura wa, yana iya karɓar zuƙar wiwi don a ɗauke shi ɗan gari a daina taka shi. Akwai kuma rukunin da ya fi kowa buƙatar tausayi, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta: yaron da mutuwar aure ta raba shi da mahaifiyarsa ya tashi a hannun da ba ya ƙaunarsa, da yarinyar da aka ci zarafinta ta rasa wanda za ta faɗa wa, da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu bayan sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Irin waɗannan suna fama da ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai ɗorewa da ke kashe sha'awar komai, ko ciwon fargaba mai hana barci, kuma ƙwaya ita ce maganin farko da ya taɓa ba su sauƙi, ko da na 'yan sa'o'i ne.

Yanayin ƙasar Hausa ya ba matsalar wata siffa ta daban. Giya tana da wari, haramcinta sananne ne ga kowane yaro, kuma a jihohin da ke bin shari'a samunta na buƙatar zuwa wasu unguwanni da idon mutane ke kai. Ƙwaya da maganin tari ba su da wari, suna shiga aljihu ko jakar hannu, ana juye kodin a robar lemo a sha a tsakar gida ba wanda ya sani, kuma matashi yana iya yaudarar kansa cewa ai magani ne, ba giya ba. Wannan ne ya buɗe wa 'yan mata ƙofa, musamman a wuraren biki da ɗakunan kwanan ɗalibai. Duk da haka giya ba ta ɓace ba, domin mai ƙarfi da ake ƙullawa a ƙananan ledoji tana da arha kuma tana ɓoyuwa, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta sanar da haramta ta a farkon 2024 tare da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba.

Sauƙin samu shi ne abin da ke mayar da sha'awa ta zama ɗabi'a. A watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma da farashinsa ya tashi sai masu sha da yawa suka koma wasu abubuwan, wanda hakan ya nuna cewa toshe hanya ɗaya ba ya kashe buƙatar. Tiramadol da aka amince da shi a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 200 ko 225 ko fiye, kuma ana samunsa a wasu kemis-kemis da tashoshin mota da hannun masu tallan magani. Ba za a kuma wanke 'yan siyasar da ke raba wa 'yan jagaliya kuɗi da kayan maye a lokacin yaƙin neman zaɓe ba, domin abin da aka raba a filin taro yana ƙarewa ne a lungunan da 'yan makaranta ke bi.

Yadda ɗanɗano ke rikiɗewa ya zama kamu yana da matakai biyu da ya kamata iyaye su fahimta. Na farko shi ne sabon jiki, inda ƙwaya ɗaya da ke sa maye a da ta daina isa, sai an ƙara biyu ko uku. Na biyu shi ne ciwon yankewa, wato zufa da rawar jiki da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da ke taso wa mutum idan ya rasa abin da jikinsa ya saba da shi. Matashin da ya kai wannan mataki ba daɗi yake nema ba kuma, gudun azaba yake yi, shi ya sa rantsuwa da alƙawarin da yake yi da zuciya ɗaya da safe suke rushewa kafin la'asar.

Alamomin farko yawanci ba a jiki suke bayyana ba, a ɗabi'a ne: faɗuwar sakamakon jarrabawa ba zato, fashin makaranta, sauya abokai da ƙin kawo su gida, ɓacewar kuɗi ko kayan gida, barcin rana da farkawar dare, sakaci da salla da tsabta ga wanda a da yake kula da su. Jan ido da nauyin harshe da tangaɗi sukan biyo baya, kuma farfaɗiya ga yaron da bai taɓa yin ta ba tana iya zama alamar tiramadol mai yawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zama hujja ita kaɗai, domin ciwon damuwa ma yana kawo irinsu, saboda haka abin da suke wajabtawa shi ne bincike cikin natsuwa.

Matakin farko shi ne magana, kuma zaɓen mai yin ta yana da muhimmanci kamar abin da za a faɗa. A gidajen Hausawa da yawa akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wadda ke hana zama a yi doguwar hira ta sirri, don haka sau da yawa kawu ko gwaggo ko yaya, ko kaka da wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya ba, su ne suka fi dacewa. A zaɓi lokacin da yaron yake cikin hayyacinsa, a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba. A faɗa masa abin da aka gani ba tare da laƙaba masa sunan ɗan ƙwaya ba, a tambaye shi me yake sha, tun yaushe, da wa, kuma mafi muhimmanci me yake ji idan ya sha wanda ba ya samu idan bai sha ba. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ke nuna inda gyara zai fara, ko rage masa aikin wahala ne, ko sauya masa makaranta, ko neman maganin damuwa, ko raba shi da wanda ke cutar da shi. Tausasawa a nan ba ta nufin sakin linzami: a ƙayyade kuɗin da ke shiga hannunsa, a san inda yake bayan magariba, a kulle magungunan gida, a kuma san iyayen abokansa.

Idan sha ya zama na kullum, ko alamun yankewa sun bayyana, to maganar ta koma ta asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da sashen ba da shawara da farfaɗowa baya ga aikin kame. Wajibi ne a sani cewa yanke giya ko ƙwayoyin sa barci farat ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha na iya jawo jijjiga da ruɗewa har da mutuwa, don haka likita ne zai tsara ragewar sannu a hankali. Wanda kuma aka tarar ya sume yana numfashi da ƙyar, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, a garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha, domin akwai allura mai suna naloksan da ke karya gubar dangin kodin idan an kai shi da wuri.

Akwai hanyoyi uku da jama'a suka saba bi waɗanda ɓarnarsu ta fi amfaninsu. Duka da ɗauri a mari ba sa cire kamu, kuma abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, da sarƙa a ƙafafunsu da tabon bulala a bayansu, ya isa ya sa kowane uba ya yi tunani kafin ya miƙa ɗansa. Korar yaro daga gida tana miƙa shi ne kai tsaye ga majalisar da ta koya masa. Aurar da shi da fatan zai natsu kuwa ƙara wa matsalar mutum biyu ne, matar da ɗan da za a haifa. Addu'a da nasihar malamai suna da babban gurbi wajen ƙarfafa zuciya da dawo da yaro cikin jama'a, amma tafiya suke yi tare da magani, kuma malamai sun fi kowa sanin cewa haramcin giya kansa a mataki-mataki ya sauka.

Makarantu ma suna da abin gyarawa, domin al'adar tara ɗalibai a fili sau ɗaya a shekara a tsoratar da su ba ta cika sauya komai ba. Shirin DARE da aka fara a birnin Los Anjeles na Amurka a 1983, inda 'yan sanda ke shiga aji suna gargaɗi, ya yaɗu ƙwarai, amma nazarce-nazarcen da aka yi daga baya sun nuna tasirinsa kaɗan ne. Abin da ya fi aiki shi ne koyar da dabarun rayuwa, wato yadda ɗalibi zai ce a'a ba tare da ya rasa abokai ba da yadda zai sarrafa fushi da fargaba, kamar darussa 12 na shirin Unplugged da aka gwada a makarantun sakandaren Nijeriya. Ƙasar Aisland ta bi ta wata hanyar: ta ƙara yawan lokacin da iyaye ke yi da 'ya'yansu, ta taƙaita yawon dare, ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sana'o'in bayan makaranta, sai adadin 'yan shekara 15 da 16 da suka bugu cikin wata guda ya sauko daga kashi 42 cikin ɗari a 1998 zuwa kashi 5 a 2016. Ƙaramar ƙasa ce mai arziki, ba za a kwafe tsarinta tsaf ba, amma filin ƙwallo da Islamiyyar yamma da shagon koyon ɗinki ko gyaran waya suna iya cike sa'o'in da ke tsakanin tashi daga makaranta da isha'i, waɗanda su ne mafi haɗari. Shugaban makarantar da ya kama ɗalibi ya kamata ya bambanta mai sayarwa da mai sha, ya kira iyaye, ya tura yaron ga mai ba da shawara, ya bar kora ta zama mataki na ƙarshe.

Bayan an sallamo matashi daga asibiti, watannin farko su ne mafiya wuya, kuma komawa sha sau ɗaya ko biyu abu ne da likitoci suka sani a wannan ciwo, ba ya nufin magani ya ƙi. Haɗarin da ke cikin komawar shi ne jiki ya riga ya rasa sabonsa, don haka adadin da yake sha a da yana iya kashe shi yanzu, kuma wajibi ne a faɗa masa wannan ƙarara. Iyali su kiyaye ranakun komawa asibiti, su sauya masa lambar waya da hanyar da yake bi idan da hali, su mayar da shi aji ko wurin sana'a cikin makonni kaɗan, su kuma ja kunnen 'yan gida kada a riƙa yi masa gori da abin da ya wuce.