Yadda ake tara tsofaffin bindigogin kaboyi ba tare da an sayi jabu ba

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan kaboyi ya san bindigogin nan biyu, ko da bai san sunansu ba. Akwai doguwar da ake karya mariƙin ƙarfen da ke ƙarƙashinta a mayar, harsashi ya hau. Akwai kuma libarbar ƙugu, wadda sai an ja gudumarta baya da babban yatsa kafin kowane harbi. Ta farko galibi Winchester ce, ta biyu Colt. A Amurka da Turai tara su harka ce ta masu ƙwaƙƙwafi, kuma a wurinsu bindigar da ta tsufa da fatarta ta asali ta fi wadda aka goge tana walƙiya daraja nesa ba kusa ba.

Kafin ka taɓa aljihu, duba doka. A dokar tarayyar Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana lissafa ta cikin kayan tarihi, kodayake jihohi suna da nasu ƙa'idojin. A Najeriya lamarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta saka libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da tsofaffi masu ƙanƙara, kuma lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Tsufan bindiga ba zai cece ka a gaban alƙali ba.

Sai ka zaɓi layi ɗaya ka tsaya a kai. Henry ta 1860, doguwar da Winchester ta samo asali daga gare ta, kusan 14,000 kawai aka ƙera, don haka farashinta ba na mai koyo ba ne. Winchester 1873 kuwa an yi sama da 700,000, ita kuma 1894 ta haura miliyan bakwai. A ɓangaren Colt, samfurin soja na 1873 ya kasu zubi uku: na farko ya kai har farkon Yaƙin Duniya na Biyu, na biyu ya fara a 1956, na uku a 1976. Ni dai a ganina 1873 ɗin Winchester ta fi dacewa da sabon shiga, saboda tana da yawa, ido zai ga isassu har ya saba da kamannin ta gaskiya.

Idan an miƙo maka bindiga, fara tabbatar da babu komai a cikinta, sannan ka nemi lambar ƙira. A Winchester 1873 tana kan ƙarfen da ya miƙe ƙarƙashin ƙota, bayan mariƙi. A tsohuwar Colt za ka same ta a wurare uku: jikin bindigar, zoben da ya kewaye kunama, da ƙarfen da ya zagaye ƙota. Dole su yi daidai da juna. Inda aka yi sassauci shi ne Colt ɗin sojan Amurka da aka gyara daga 1895, aka rage bututunsu daga inci bakwai da rabi zuwa biyar da rabi. A wurin gyaran an cakuɗa sassan, saboda haka lambobinsu sukan saɓa, kuma masana ba sa ɗaukar hakan aibi.

Da lambar a hannu, nemi takardar masana'anta. Kundin Winchester yana gidan tarihin bindigogi na garin Cody a jihar Wayomin, kamfanin Colt kuma yana da sashen da ke ba da tasa. Takardar kan faɗi ranar da aka fitar da bindigar, girman harsashinta da irin bututunta, ta Colt har dillalin da aka aika wa takan ambata. Idan takarda ta ce bututu mai kusurwa takwas, kai kuma kana riƙe da mai zagaye, to an yi canji a hanya. Darajar kundin nan ta fito fili a 2014, lokacin da aka tsinci wata Winchester 1873 jingine da bishiya a gandun Great Basin na jihar Nebada, ta yi tsatsa, ƙotar ta tsattsage. Lambarta ce ta nuna an fitar da ita daga masana'anta a 1882.

Aikin ido shi ne mai wuya, don a nan ake cin kasuwar mutane. Fitar da bindigar hasken rana ka bi gefunanta da yatsa. Ƙarfen da bai sha gyara ba gefensa na da kaifi, rubutun da aka buga a bututu kuma ya nutse sosai. Wanda aka goge da inji aka sake rina shi, gefunan sun dakushe, haruffan sun yi dishi-dishi, bakin ramukan kusoshi ya lotsa. Dubi inda katako ya haɗu da ƙarfe: a ta asali katakon yakan ɗan tasa sama kaɗan, amma idan an ci shi da samfefa sai ya faɗa ƙasa da ƙarfen. Leƙa cikin bututu da tocila, ka ga ko tsatsa ta cinye layukan ciki. Sannan ja gudumar Colt a hankali kana saurare. Lafiyayya ƙara huɗu take yi kafin ta kai ƙarshe.

Kwaikwayo ba laifi ba ne, in dai an sayar da shi da sunansa. Kamfanin Uberti, wanda aka kafa a 1959 a Gardone Val Trompia ta Italiya, da Pietta, suna ƙera masu kyau, Miroku na Japan ma yana yi da sunan Winchester. Ga mai son harbi a filin wasa, su ne daidai. Ɓarnar tana zuwa ne daga 'yan damfarar da ke kankare hatimin gwaji na Italiya, su jiƙa ƙarfen da sinadari ya yi kamar ya shekara ɗari. Girman harsashi yakan tona musu asiri. Winchester ba ta taɓa yin tsohuwar 1873 da harsashin .45 Colt ba, alhali kwaikwayonta da yawa shi suke ci. Haka Henry ta asali harsashin .44 mai tashi ta gefe take amfani da shi, ba mai tashi ta tsakiya ba.

In ka saya, ka kame hannunka. Kada ka goge launin ƙasa-ƙasan da shekaru suka ɗora mata, kada ka sa wa tagullar Henry ko Winchester 1866 man ƙyalli. Ɗan mai kaɗan a tsumma mai laushi ya isa. Kada ka bar libarba kwance cikin kubenta na fata, domin fata na riƙe danshi. Galibin tsofaffin an yi su ne don baƙin albarushi, Colt ma sai a 1900, wajen lamba 192,000, ta ba da tabbacin libarbarta za ta jure albarushin zamani, don haka kada a gwada harsashin yau a wadda ta girmi wannan. Ajiye su a akwatin ƙarfe mai makulli inda yara ba sa kaiwa, ka buɗe littafi ka rubuta lambar kowace, inda ka saye ta da nawa, ka haɗa da hotunanta da takardar masana'anta a fayil ɗaya.