HUKUNCIN ZIYARAR GIDAJEN TARIHI DA LADUBBANTA

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba da mulki ga wanda Ya so, Mai karɓe shi daga wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala da ta kan taso sa'ad da malaman makaranta a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura suka yi shawarar ɗibar yara zuwa Kano domin su ga Gidan Makama. Wani uba ya kan ba da kuɗin mota da farin ciki. Wani kuwa ya kan hana ɗansa, ya ce ai gidan gumaka ne, Musulmi ba shi da abin nema a inda a ke tara kayan jahiliyya. Na uku ya kan bari, amma ya ja yaron gefe ya ce ya shafo masa takobin wani sarki, ko ya ɗebo masa ƙasar wurin saboda tubarraki. To, wanne ne daga cikinsu ya dace?

UMURNIN TAFIYA A BAYAN ƘASA

Wanda ya ke karanta Alƙur'ani da lura zai ga Allah Ta'ala Ya yi ta maimaita kira ga mutane su yi tafiya a bayan ƙasa, su dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Wannan kira ya zo a Suratu Ali Imrana aya ta 137, da Suratu Yusufu aya ta 109, da Suratur Rumi aya ta 9 da ta 42, da wasu wurare. A aya ta 9 ta Suratur Rumi an tunatar da mutanen Makka cewa al'ummomin da suka shuɗe sun fi su ƙarfi, sun fi su noma, sun fi su gine-gine, amma duk wannan bai tsare su ba sa'ad da suka ƙaryata manzanni. A Suratul Hajji, aya ta 45 da ta 46, an ambaci rijiyar da aka daina ɗibar ruwanta da benen da ya zama kango, sa'an nan aka bayyana cewa makantar gaskiya ita ce ta zuciya.

Har gawar Fir'auna, Suratu Yunusa aya ta 92 ta nuna an tsirar da ita daga ruwa ne domin ta zama aya ga na baya. Ke nan kufan mutanen da, da kayan da suka bari, abin dubawa ne da shari'a ta san da shi. Gidan tarihi kuwa wuri ne da aka tattara irin waɗannan kayayyaki ƙarƙashin rufi guda, aka sauƙaƙe wa mai neman wa'azi doguwar tafiya.

Malaman Musulunci sun fahimci haka tun da daɗewa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya sa wa babban littafinsa na tarihi suna Kitabul Ibar, watau littafin darussan lura. A ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Tazyinul Waraƙati, Waziri Junaidu kuma ya shafe rayuwarsa yana tattara labarin magabata. Da a ce kula da tarihi wasa ne, da waɗannan bayin Allah ba su ɓata tawadarsu a kansa ba.

DARASIN HIJIR

Akwai hadisin da masu hana ziyara su kan kafa hujja da shi, kuma ya kamata a fahimce shi a kan fuskarsa. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyar yaƙin Tabuka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ratsa ta Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen waɗannan da aka yi wa azaba sai dai suna masu kuka, don gudun abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya rufe kansa, ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, aka ba raƙuma ƙullun da aka kwaɓa da shi.

Abu biyu za a lura da su a nan. Na fari, hukuncin ya shafi wurin da azaba ta sauka ne. Gidan da sarkin Musulmi ya zauna ba ya cikin wannan babi. Na biyu, ko a Hijir ɗin ma abin da aka hana shi ne shiga da rafkana da shewa. An bar ƙofa a buɗe ga mai shiga da tsoron Allah. Saboda haka hadisin yana koyar da halin da zuciya za ta kasance a ciki ne yayin duban abin da magabata suka bari.

ABIN DA KE GIDAN MAKAMA

Gidan Makama yana daura da fadar Sarkin Kano, kuma tarihinsa yana komawa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne Shehu Maghili ya sauka Kano, ya rubuta masa nasiha a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Yanzu gidan yana hannun hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1979. Mai ziyara zai ga ginin ƙasa irin na da, mai azara da bakan gizo. Zai ga ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofin gari, da taswirar ganuwa, da makamai, da kayan doki, da kayan sana'a, da alluna da littattafan rubutun hannu, da hotunan sarakunan da suka shuɗe.

Wanne ne gunki a cikin waɗannan? Yaron da ya tsaya gaban ƙyauren ƙarfe aka gaya masa cewa a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, sojojin Ingila sun shiga Kano duk da tsawon ganuwa da ƙarfin ƙofofinta, ya sami tafsirin ayar Suratur Rumi da idonsa. Wanda kuma ya ga allo da tawada da rubutun malaman da, aka ba shi labarin Wangarawan da suka zo da Musulunci fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, zai san cewa addinin da ya tashi ya tarar a gidansu wasu ne suka sha wahala suka kawo shi.

Ɗan ƙasar Kazaure yana da rabo na musamman a wannan labari, domin tarihin masarautarsa a sarƙe ya ke da na Kano. Ɗan Tunku, wanda ya fito daga wajen Ɗambatta, yana cikin waɗanda suka taimaki jihadi a arewacin Kano. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, sai saɓani ya shiga tsakaninsu, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar da Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, wadda aka yanko daga gefen Kano da Katsina da Daura. Bayan rasuwar Ɗan Tunku a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya faɗaɗa ƙasar. Abin lura a nan shi ne, 'yan'uwa Musulmi da suka yi yaƙi a sahu ɗaya sun iya zare wa juna takobi, kuma sulhun shugaba ne ya kashe wutar. Wanda ya san wannan, zai dubi takubban da ke rataye a gidan tarihi da wata fahimta dabam.

KUSKURE BIYU

Mai hana ɗansa zuwa saboda tsoron gumaka, niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ya faɗaɗa hukuncin fiye da inda ya tsaya. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun haramta sassaƙa cikakkiyar surar mai rai wadda ta ke da inuwa, wasunsu ma sun hana kallonta. Wasu malaman wannan zamani kuwa, kamar na hukumar fatawa ta Masar, sun halatta ajiye irin waɗannan a gidajen tarihi domin ilmi, muddin ba a girmama su girmamawar bauta. Wanda ya ɗauki ra'ayin farko, in ya iske mutum-mutumi a wani ɗaki sai ya wuce, ya amfana da sauran. Mafi yawan abin da ke gidajen tarihi na Kano da Katsina da Sakkwato kayan sarauta ne da na malanta da na sana'a. Ba a ƙona rumbu saboda ɓera guda.

Kuskure na biyu ya fi haɗari, watau neman tubarraki da kayan tarihi. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu aya ta 23, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, asalinsu sunayen salihan bayi ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu a mazauninsu don tunawa, da ilmi ya gushe sai jikoki suka bauta musu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausan gargaɗi ga masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka. Takobin sarki ƙarfe ne, bai hana mai shi mutuwa ba. Ƙasar tsohon gida ƙasa ce. Wanda ya shafa su yana neman waraka ko buɗi ya shiga da lafiyar imani ya fita da ciwo.

Uba na farko shi ne ya dace, da sharaɗin ya sanar da ɗansa abin da ya sa za shi.

LADUBBAN ZIYARA

Na ɗaya, a gyara niyya, ya zama wa'aztuwa da neman sani ne suka fitar da mutum daga gida. Na biyu, a tafi da wanda ya san tarihi, ko a saurari ma'aikacin da ke yin bayani, domin kallo ba tare da bayani ba yawon ido ne kurum. Na uku, kada ziyara ta ci lokacin salla. Na huɗu, a kiyaye sutura da kamun kai, a ware wa ɗalibai mata malama mai kula da su. Na biyar, kada a taɓa abin da aka hana taɓawa, kada a yi rubutu a bango, kada a ɗauke ko da tsinke, gama kayan nan dukiyar jama'a ce, ɗaukarsu ha'inci ne. Na shida, in an ga kayan tsafin mutanen da, irin na zamanin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, a gode wa Allah da ni'imar shiriya, ba tare da izgili ba. Na bakwai, in an ga hoton Musulmin da ya riga ya rasu, a nema masa gafara.

Wanda ya sami hali ya ƙara gaba. A Katsina akwai gidan tarihi a tsohon ginin kwalejin da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga kuma hasumiyar Gobarau. A Sakkwato akwai gidan tarihi da al'adu mai sunan Waziri Junaidu. A Jihar Jigawa kanta akwai zane-zanen mutanen da a jikin duwatsun Birnin Kudu. Rijiyar Kusugu kuwa tana Daura, maƙwabciyar Kazaure.

AMANAR DA KE CIKIN GIDA

Duk abin da ke cikin waɗannan gidaje daga ɗakin wani ya fito. A garuruwa irin su Roni da Gwiwa da Babura, gidan malanta ko na sarauta ba ya rasa tsohon Alƙur'ani rubutun kaka, ko gafaka cike da takardu, ko wasiƙar alƙali, ko sulke da takobi. Sau da yawa magada su kan raba gona da shanu, su bar littattafai a buhu a lungun soro, gara da ɗigon damina su cinye su. Wani kuma ya kan sayar wa dillali da kuɗin da bai kai na tunkiya ba, alhali dokar ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. A Janairun 2013 an ƙona littattafai masu yawa a cibiyar Ahmad Baba da ke Tambutu, duniya ta yi ta juyayi. Abin da wuta ta yi a can rana ɗaya, gara tana yin irinsa a hankali, ba wanda ya ke jin labari.

Littafin ilmi amana ne a wuyan wanda ya gada. Ya ɗaga shi daga ƙasa, ya sa shi a inda laima ba ta kai, ya riƙa buɗe shi yana kaɗe ƙura, ya sa a ɗauki hoton kowane shafi. In ya ga ba zai iya ba, ya nemi shawarar ma'aikatan tarihi da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko na Arewa House a Kaduna, inda a ke adana irin waɗannan takardu. Malamin da ya rubuta littafin yana fatan ladan ilmi mai amfani ya ci gaba da isar masa a kabari, kuma jikan da ya bar gara ta cinye shi ya yanke wa kakansa wannan hanya.

Allah Ya ba Musulmi zukata masu wa'aztuwa, Ya gafarta wa magabata, Ya tsare na baya daga shirka da rafkana. Allah ne Mafi sani.